Kuɗin Shara A Ƙasar Ƙanƙara

A da, in mutum ya dawo daga tafiya mai nisa, shi ke da labari. A shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, ko ya ce ya ga raƙumi mai ƙafa biyar ba mai musa masa. Haka na sha daɗina da na dawo daga karatu a Sudan, haka da na dawo daga Kumasi, da Agadas, da Indiya inda aka yi mini aikin ido. Yanzu kuwa kafin in sauka a tashar Batsari hotona ya riga ni isowa. Kowa ya gan ni a wayarsa, tsoho da koriyar babbar riga a tsakiyar Turawa masu jajayen kaya, hannu a sama, baki buɗe. Tun ranar ban samu sakat ba. A masallaci tambaya, a kasuwa tambaya. Malam Lawal har babur ya hawo daga Safana don ya ji da kunnensa yadda na kunyata dangi. To ga shi na rubuta, kowa ya karanta ya ƙyale ni.

Malam Lawal ɗan gwaggona ne, wato taubashina. Shi ne hedimasta a Safana lokacin da nake hedimasta a Batsari, kuma kowace shekara sai mun haɗa yaranmu ƙwallo. Tsakanin wannan da taubasantaka, ban taɓa jin kalma mai daɗi daga bakinsa ba, shi ma bai ji daga nawa ba, kuma ba ni da aminin da ya kai shi. Ku riƙe sunansa, zai yi amfani a gaba.

Dalilin tafiyar autarmu ce, Hajara. Tana koyarwa da bincike a sashen noma na wata jami'a can arewacin Amurka, inda ƙanƙara ke rufe ƙasa kusan rabin shekara. Aikinta na wa'adi ne, wa'adin kuma ya zo ƙarshe. In sashensu bai samu kuɗi ba za a sallame ta, takardun zamansu ita da mijinta Bashir da 'ya'yansu kuwa duk a kan aikin nan suke. Ta kira tana so in zo in gan su, ta ce wataƙila shi ne damar ƙarshe.

Da uwarta Hajiya ta ji haka, maimakon ta damu sai ta sa aka yi wa ɗakin Auta fenti, ta sayi labule sabo. Ranar da zan tashi ta tsayar da ni a zaure.

"Malam, ka ji ni da kyau. In aikin ya ƙare, ya ƙare. Kada ka je kana taya ta addu'ar zama. Ga jami'o'i nan kusa da mu, ta zo ta koyar a nan."

Na ce, "Hajiya, ni da ke bakinmu ɗaya." Gaskiya kuma na faɗa. Shekara tara rabon da yarinyar nan ta yi Sallah a gida.

Ba mu bar Batsari ba sai da rana ta ɗaga, don yanzu ba mai yin sammako a hanyarmu. Ni da nake zuwa Runka a keke in dawo bayan Magariba ina waƙa, yau sai direba ya tambayi wanda ya fito daga Katsina, "Hanya lafiya?" kafin ya tayar da mota. Allah ya kai mu lafiya. Daga Katsina sai Abuja, daga nan sai sama. Mun yada zango a wani birnin Turai, inda na tari wani baƙin mutum mai shara, na tattaro ɗan Faransancin da na tsinta a Nijar na tambaye shi wurin salla. Ya dube ni, ya dubi hulata, ya amsa mini da Fulatanci. Ashe Bafulatanin Senegal ne. Muka tsaya muna gaisawa har da tambayar shanu, alhali daga ni har shi ba mai ko ɗan maraƙi.

A bakin shiga Amurka kare ne ya fara tarbata. Ya zagaye jakata sau biyu ya zauna a gabanta kamar an kawo masa tuwo. Jami'in da ke riƙe da shi ya ce in buɗe. Ya ɗauko ƙullin daddawa, ya kwance, ya kai hanci, sai ga shi ya ja da baya taku biyu yana ƙifta ido.

"Wannan abinci ne?"

"Shi ne ma uban abinci," in ji ni.

Garin kuka kuwa sai da ya kira na gaba da shi, suka tsaya a kan koren garin suna shawara kamar likitoci. Na yi musu bayanin itacen da ganyen da miyar. Suka bar mini su. Amma kilishin da Hajiya ta aika takanas aka yo wa Auta, shi aka ɗauke. Na ce, "Ɗana, in dole ne ka karɓa, kada ka zubar. Kai wa iyalinka, ka ɗan gasa shi kaɗan." Ya ce doka ta hana. Ina kallo ya jefa shi a kwandon shara. Karen ma sai da ya bi shi da ido, ni da shi muka yi jimami tare.

Ƙaramin jirgi ya ƙarasa da mu garin su Hajara. Na san sanyin Jos, na san na Agadas da asuba, duk wasan yara ne. Ina fita na ji gashin hancina ya daskare. Hajara ta zo da wata riga mai kauri da ta kai mini har idon sawu, ta zura mini, ta ja zif har haɓa, ta kifa mini hular ulu a kan hulata. Ta ce, "Baba, wannan ita ce fatarka har ka koma."

Gidansu na katako ne, ba zaure, ba katanga, in ka ƙwanƙwasa bango sai ya amsa. Washegari na ga maƙwabcinsu yana kwashe ƙanƙara da shebur, na fita na gaishe shi yadda ya kamata. Na tambayi kwanansa, da iyali, da yara, da aiki, da sanyi, da gajiya. Da yamma ya tari Bashir yana tambaya ko surukinsa likita ne. Abinci kuwa komai sai an barbaɗa masa cuku, da safe madara mai sanyi da wani abu kamar ɓawon masara. Kwana biyu na daure. Ran na uku Hajara ta tuƙa tuwon masara da miyar kuka, ƙamshin daddawa ya cika gidan, na ce yanzu na iso.

Abin da na fara lura da shi a garin, komai ja ne. Tutoci ja, rigunan mutane ja, burodi a kanti an shafa masa jan sukari, har wani kare na gani da jar riga. Bashir ya ce launin ƙungiyar jami'ar ne ta ƙwallon gora, wanda su suke yi a kan ƙanƙara suna kiransa hoki. Ya ce ranar Asabar abokan gabarsu za su zo daga wata jami'a ta tsallaken kogi, kuma gabar ta girmi duk mai rai a garin. Ban tambayi launin waɗancan ba. Wannan shi ne kuskurena na farko.

Ranar Alhamis Hajara ta zagaya da ni jami'ar. Muka fara da gidan wasan. Jama'a, na shiga manyan filayen jirgi, ban ga tsabta irin wannan ba. 'Yan wasan suna da ɗakin cin abincinsu daban, da masu yi musu tausa, da wani kwarmin ruwan zafi da suke jiƙa gajiya a ciki. Ta ce albashin mai horar da su ya fi na kowane farfesa. Duk da haka wai wurin ya tsufa, sabo ake so a gina, don na masu tsallaken kogi ya fi shi girma.

Daga nan muka gangara inda take aiki, a ƙarƙashin ƙasa, ta wata matattakala mai duhu. Bokiti biyu a tsakar ɗaki suna tarar ruwan da ke ɗiga daga bututu. Wata na'ura an rufe ta da leda, ta ce ta lalace tun bara. Sai ta buɗe wata ƙofa ta ciki, na tsaya cak. Gero ne da dawa, kore shar, a cikin tukwane ƙarƙashin fitilu, alhali a waje ƙanƙara ta kai gwiwa. Na kama ganye ɗaya na murza na sansana. Wallahi ƙamshin gonar mahaifina ta Yasore ne a watan Yuli.

"Ƙuduji nake yaƙa, Baba," in ji ta. "Wannan layin ya kama su, dubi yadda suka tsumbure. Wannan layin kuwa ya kasa kama shi. In na samu shekara uku zan san dalili."

Duk wanda ya taɓa noma a ƙasarmu ya san ƙuduji, ciyawar nan mai jan fure da ke maƙale wa saiwar dawa ta shanye ta. Na ga gonakin da ya kora masu su. Ina kallon fuskar Auta tana magana, sai na ji maganar Hajiya ta yi mini nauyi a aljihu.

Ta ce akwai wani attajiri, tsohon ɗalibin jami'ar, Mista Walta, wanda ya yi arziki da noman alkama da sayar da injinan gona. Zai ba da babbar kyauta, shugabanni kuma sun riga sun karkatar da shi wajen sabon gidan wasa. Sashensu ya yi ta rubuta masa takarda ba amsa. Ranar Asabar za a karrama shi a ɗakin manyan baƙi, an ba sashen kujera biyu, shugaban sashen ya ce ta je da ni.

"Baba, don Allah, ka sa kayanka mafi kyau, ka gaisa, ka yi shiru."

Kayana mafi kyau kuwa koriyar shaddar nan ce da na ɗinka da Babbar Sallah, da hularta mahaɗi. Na sa abata a ɗaki, na tattare hannuwan, na zura fatar da aka ba ni na ja zif har haɓa, na kifa hular ulu. Ba wanda ya ga komai.

Bayan Azahar muka isa. Ɗakin a sama yake, gabansa gilashi, kana hangen filin fari fat da dubban mutane jajaye kamar an shanya barkono. Can a wani lungu ga 'yan tsiraru masu koren kaya an kewaye su da 'yan sanda. Ban kawo komai a raina ba. Ɗakin da ɗumi, na cire hular ulu, na zuge zif, na baza babbar riga, na gyara aska a ƙirji.

Duk ido ya dawo kaina. Wani ya tsaya da cokali a bakinsa. Hajara ta ce, "Innalillahi," a hankali. Wata mata ta ofishin neman gudummawa, mai murmushin da ba ya gushewa, ta rugo da jan mayafi za ta yafa mini. Na ce mata ta yi haƙuri, a wurinmu rigar da aka sa don girmama mutum ba a rufe ta.

Sai wata murya ta taso daga kujerar gaba. "Wa ya bar maƙiyi ya shigo? Ku duba aljihunsa, mutanen tsallaken kogi cokula suke sata."

Wani tsoho ne jajir, gajere, da sanda, hannuwansa kamar faranti, ashe shi ne Mista Walta. Kowa ya yi dariyar tsoro. Ni kuwa da na ji maganar sai na ji kamar a gida nake. Wannan ai muryar Malam Lawal ce sak, an dai juya ta Turanci. Mutumin da ya tsane ka ba ya tsokanarka haka. Wannan taubashi yake nema, ya rasa, don kowa a ɗakin lallaɓa shi yake yi.

Na ce, "Ranka ya daɗe, cokulanku ba su kai a sata ba. An ce mini yaranka ba su iya wasa ba, shi ya sa na taso tun daga Batsari in ga yadda ake kuka da Turanci."

Saura kaɗan in ƙara da abin da nake ce wa Malam Lawal, wato bawana. Allah ya sa Hajara ta take mini ƙafa da dukan ƙarfinta. Daga baya ta yi mini bayanin abin da kalmar nan take nufi a ƙasar, na yi sujadar godiya.

Tsohon ya dube ni, ya buga sandarsa a ƙasa, ya fashe da dariya har da tari. Ya kori wani mai kwat daga kujerar da ke kusa da shi ya ce, "Zauna nan, in ga fuskarka lokacin da za a ci ku."

Wasan kansa, ku tuna yadda muke bugun ƙodagon goruba da sanda muna yara, sai ku ɗora mu a kan ƙanƙara da takalma masu wuƙa a ƙasa. Ƙwallon baƙi ne, fele-fele, kamar wainar da ta ƙone, ban gan shi da idona ba sai sau uku. Mai tsaron gida an naɗe shi kamar katifa. Su yi gudu, su maka juna da bango, gilashi ya girgiza. Wanda ya yi laifi a kulle shi a wani ɗan akurki na minti biyu, yadda nake tsayar da mai surutu a bayan aji. Ɗalibai kuwa suna zagin mai tsaron gidan baƙi baki ɗaya, a tsare, kamar an koya musu a darasi.

Koraye suka fara ci. Ban san lokacin da na miƙe ba, hannu a sama, ina cewa, "Haka nake so! A ƙara musu!" da Hausa. A nan aka ɗauki hoton da kuka gani, har aka haska ni a babban allon filin, jama'a suka yi mini ihu. Mista Walta ya zungure ni da sanda. Da jajaye suka rama, shi ma ya miƙe ya yi rawa a gabana, ya zare hulata ya yi fifita da ita.

A hutun wasa na tambaye shi, "Kai manomi ne. Me ya sa kuɗinka zai tafi wajen ƙanƙara, inda ko ciyawa ba ta fitowa?"

Ya ce, "Na taɓa ba ɗakin karatu. Sun aiko mini da takardar godiya. A nan kuwa mutum dubu nawa ne za su tashi su kira sunana. Kuma ina so in ga waɗancan sun shigo gidan da ya fi nasu kafin in mutu."

Ban iya yi masa wa'azi ba, don na tuna da kaina. Wata shekara iyayen yara suka yi karo-karo don a yi bencina. Na ɗebi rabi na sayi rigunan ƙwallo da takalma, saboda kawai Safana ta zo da sababbi a wasan da ya gabata. Mun ci su biyu da nema, 'yan aji uku kuma suka ƙare shekarar a ƙasa. Na ba shi labarin. Ya ce, "Ka yi nadama?" Na ce, "Na bencin, ƙwarai. Na biyu da neman, har gobe a'a." Ya kama hannuna ya girgiza.

Jajaye suka ci na biyu ana dab da tashi, gini ya ɗauka kamar zai rushe. Tsohon ya juyo yana share hawayen murna. Na dubi Hajara a can gefe, ta ƙanƙame jakarta, ko ruwa ba ta sha ba. Na tuna fentin ɗaki da sabon labule. Na tuna ganyen da na murza. In na yi shiru yanzu, na cika wa Hajiya alkawari ba tare da na yi komai ba.

Na ce, "Walta, a ƙasarmu wanda kuka yi irin wannan wasa da shi ya zama taubashinka. Tsakanin taubasai kuwa akwai wani haƙƙi da ake kira kuɗin shara. In aka nema ba a hanawa. Wanda ya yi nasara shi ke biya."

Allah ya yafe mini, a nan na ɗan gyara dokar. Da koraye ne suka ci, cewa zan yi wanda aka kayar ke biya.

Matar mai murmushi ta matso kusa, murmushin ya ɗan yi sanyi. Tsohon ya ce, "Nawa ne?"

"Ba kuɗi nake so ba. Ƙafarka nake so, awa ɗaya, ranar Litinin. Ka sauka ƙarƙashin ƙasa ka ga gonar 'yata."

Ya zo. Ya sauka matattakalar nan da sandarsa yana zagin wanda ya gina ta, ya yi tuntuɓe da bokiti. Da aka buɗe ƙofar ciki ya nufi tukwanen. Ya sa yatsa a tukunya ya murza ƙasar, kamar yadda kowane manomi zai yi. Hajara ta zare dawa ɗaya ta nuna masa yadda ƙuduji ya kama saiwar. Ya ce su ma suna da ciyawar da ta kusa raba mahaifinsa da gonarsa. Awa ɗayan ta zama biyu da rabi, ni ina zaune a kan kujera ba mai kula ni.

Kada ku ɗauka ya fasa gina gidan wasan. Ana nan ana ginawa, da sunansa a goshi. Abin da ya gutsura wa sashen noma, Bashir ya ce bai kai kuɗin kujerun sabon ginin ba. Amma ya isa a gyara na'urar da bututun, ya kuma sa sharaɗin a tabbatar da Hajara a aikinta. Takardar ta fito ana jibi zan taso. Na bar masa koriyar hular, shi kuma ya ba ni jar rigar ƙungiyarsu, wadda na kawo wa Malam Lawal a matsayin kuɗin sharar bana. Ya ce rigar kamar buhun taki, amma an ce da ita yake zuwa gona.

Da na iso gida, bayan 'yan sannu da zuwa sun watse, Hajiya ta ajiye mini fura ta zauna.

"To, Malam, yaushe za su taso?"

Na faɗa mata komai, ban rage ba, har da geron da ke ƙarƙashin fitila. 

"An aike ka ka dawo da ita, ka je ka kafa ta."

"Haka ne, Hajiya."

"Tana cin abinci dai?"

"Tana ci."

Ta tashi ta shige ɗaki. Bayan kwana biyu na ga ta cire sabon labulen ta ninke, ta sa aka shigar da buhunan gero ɗakin da aka yi wa fenti. Auta ba za ta dawo ta zauna a Batsari ba, sai dai ta zo mana ziyara, kuma ni na jawo da bakina.